Nazarin Lamari: Wata 14 a Sashen Amsa Kira na Wani Kamfanin Banki da Inshora

Tushen lamarin

Kamfanin babba ne, yana da banki kuma yana sayar da inshorar mota da ta gida da ta rai, duk da suna ɗaya. Sashen da ake magana a kansa shi ne na amsa kiran wayar abokan hulɗa. Za a ƙirga watanni daga ranar da aka haɗe layukan sashen biyu, ita ce farkon wata na 1.

Kafin wannan rana ma'aikata 76 ne, kashi biyu. Kashi ɗaya na harkar banki: toshe katin da ya ɓata, bin sawun kuɗin da aka cire ba daidai ba, sauya adireshi, buɗe manhajar da ta kulle. Ɗayan na inshora: karɓar rahoton hatsari, bayyana wa mutum abin da yarjejeniyarsa ta ƙunsa da abin da ta bari a waje, da bin sawun neman diyya. A awar da kira ya fi yawa, layin banki kan sami kira 180, kowanne minti 5 idan an haɗa da rubutun da ake yi bayan ajiye waya. Layin inshora kan sami 120, kowanne minti 7 da rabi. Idan aka buga lissafi, kowane layi na da aikin awa 15 a cikin awa ɗaya, wato aikin da sai mutum 15 sun yi shi ba ɗaga kai.

Ba a zaunar da mutum 15 daidai, domin kira ba ya shigowa a jere kamar ɗigon famfo, zuwa yake a dunƙule sannan ya lafa. Lissafin da ake amfani da shi wajen gano adadin da ya dace na Agner Krarup Erlang ne, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak da ya yi aiki da kamfanin tarho na Kofenhagen, ya kuma wallafa shi a 1917. Burin sashen shi ne a ɗauki kira 80 cikin 100 kafin sakan 20. Lissafin ya nuna layin banki na bukatar mutum 19 a kan waya, na inshora 20, jimilla 39. Amma idan layin ɗaya ne, kowa na iya ɗaukar kowane kira, mutum 36 sun isa aikin awa 30 ɗin, har da ɗan rara. Kuma tunda a cikin kowane mutum 10 da ke takardar albashi kusan 3 ba sa kan waya a kowane lokaci, saboda hutun shekara ko rashin lafiya ko horo ko taro, kujeru 3 da aka rage sun zama guraben aiki 4. Ba a kori kowa ba. Mutum huɗu sun tafi don kansu, aka bar gurabensu ba a cike ba, sashen ya koma 72 a rukuni 6 na mutum goma sha bibbiyu.

Wata na 1: haɗe layukan

Sabon ma'aikaci a wannan sashe horon mako 6 ake ba shi kafin ya ɗauki kira shi kaɗai. Tsofaffin ma'aikatan da za su koyi aikin ɗaya ɓangaren kuwa kwana 5 aka ba su, bisa tunanin cewa sun riga sun san kamfanin kuma sun saba da waya.

Cikin mako biyu lissafin ya sauya. Ma'aikacin inshora da ya ɗauki kiran banki yakan gama a minti 7 maimakon 5. Ma'aikacin banki da ya ɗauki kiran inshora yakan kai minti 12, saboda tambayar inshora ba ta da amsa ɗaya. Mutum zai ce ruwa ya lalata masa rufin ɗaki, za a biya shi? Sai an buɗe yarjejeniyarsa, a ga irin kariyar da ya saya, a ga kason da ya rage a wuyansa kafin kamfani ya fara biya, a ga ko ruwan sama ne ko bututu ne ya fashe, a ga ko ya biya kuɗin watan. Wanda bai ƙware ba sai ya ce wa mai kira ya dakata, ya je ya tambayi na kusa da shi, shi ma yana kan waya. Da yake na'ura ce ke raba kira ba tare da duba ƙwarewa ba, kusan rabin kowane irin kira na faɗawa hannun wanda ba fanninsa ba. Matsakaicin kira ya tashi daga minti 6 zuwa 7 da rabi.

Kira 300 sau minti 7 da rabi aikin awa 37 da rabi ne, mutanen da ke kan waya kuma 36. Idan aikin da ke shigowa ya fi hannayen da ke akwai, layi ba ya tsayawa a wani tsawo, ƙaruwa yake yi har sai masu jira sun gaji sun ajiye waya ko awar cunkoso ta wuce. Ga ma'aikaci kuma, abin da ya ɓace shi ne tazarar da ke tsakanin kira da kira. A tsarin da aka zana a takarda, kowa zai yi minti 50 yana aiki a cikin awa, minti 10 su rage a rarrabe, kusan sakan 70 bayan kowane kira. A wannan sakan 70 ɗin ne mutum ke shan ruwa, ya miƙe baya, ya huce daga zagin da ya sha a kiran da ya wuce. Yanzu na'ura na jefo sabon kira sakan 5 bayan an rufe na baya.

Wata na 2 da na 3: dokar minti shida

Shugabannin sashen sun ɗauki tsawon kira a matsayin matsalar, suka mai da minti 6 ma'aunin kowane ma'aikaci. Aka sa agogo a kusurwar allon kwamfuta: yana kore, ya koma ruwan ɗorawa a minti 5, ya koma ja a minti 6. Duk ranar Litinin a liƙa jerin sunaye daga mafi sauri zuwa mafi nawa, mutum 10 na ƙasa su zauna da mai kula da rukuninsu. An kuma fara auna bin jadawali da minti, ta yadda tashi zuwa bayan gida a wajen lokacin hutu yana rage wa mutum maki.

Matsakaicin kira ya sauka zuwa minti 6 da rabi, aka rubuta hakan a rahoton wata a matsayin ci gaba. A daidai lokacin, kiran da ake turawa wani ma'aikaci ko wani sashe ya tashi daga 8 cikin 100 zuwa 19, domin da zarar an tura kira agogon mai turawa ya tsaya. Rubutun bayan kira ya gajarce zuwa kalma uku ko huɗu, wanda ya ɗauki kiran mutumin nan gaba sai ya sake tambayarsa komai daga farko. Akwai kuma kiran da ke katsewa daidai lokacin da agogo ya koma ja, ba wanda zai iya rantsewa ko layi ne ko yatsa. Kiran awar cunkoso ya tashi daga 300 zuwa 345, alhali yawan abokan hulɗar kamfanin bai ƙaru ba. Kira 345 sau minti 6 da rabi aikin awa 37.4 ne. A wata na 1, 37.5 ne.

Wata na 4: an ƙara tallan kaya

A farkon wata na 4 babban ofis ya aiko da sabon tsari ga duk sassan da ke magana da abokan hulɗa: wanda ya kira kan asusunsa a yi masa tayin inshora, wanda ya kira kan inshora a yi masa tayin katin bashi ko asusun ajiya. Rubutun tayin na ɗaukar kusan sakan 40 a karanta. Ba a ƙara wa minti 6 ko sakan ɗaya ba. Alawus ɗin ƙwazo na wata aka raba shi haka: kashi 40 saurin kira, 30 tallan da ya yi nasara, 20 bin jadawali, 10 ingancin kira. Ingancin ma kira 4 kawai ake saurara a wata ga kowane mutum, daga cikin fiye da dubu da yake ɗauka.

A ƙasashe da yawa doka ta raba tsakanin wanda ke da lasisin sayar da inshora ko ba da shawara a kanta da wanda ba shi da shi. Mara lasisi iyakarsa ya haɗa mai kira da mai lasisi. A sashen, mutum 26 ne ke da lasisi, duk daga tsohon layin inshora. Sauran sai su yi tayi, in mutum ya nuna sha'awa su tura shi, kiran ya sake shiga layi, ya sake jira. Ma'aikata sun ɗaga maganar a taron rukuni, har da batun cewa ana sa su tallata katin bashi ga mutumin da ya kira yana kuka motarsa ta ƙone. Amsar da suka samu ita ce tsarin daga sama ya zo.

Wata na 5 zuwa na 7: ƙarin lokaci, tafiyar ƙwararru da ɗaukar sababbi

Abu na farko da aka gwada don rage layi shi ne ƙarin lokacin aiki na dole, awa 6 a mako, ana biya. Na biyu, soke awa 2 na horon mako-mako da taron rukuni don a mai da mutane kan waya. Mako uku na farko jira ya ɗan ragu. Daga nan fashin rashin lafiya ya tashi daga kwana 4 cikin 100 zuwa 11, akasarinsa na kwana ɗaya ko biyu, kuma ya fi yawa a ranakun Litinin, ranar da kira ya fi yawa kuma ake liƙa jerin sunaye. Abin da ƙarin lokaci ya kawo, fashi ya kwashe.

A da, kusan mutum ɗaya ke ajiye aiki a wata. A wata na 4 uku suka tafi, na 5 huɗu, na 6 shida, na 7 biyar: mutum 18, sashen ya koma 54. Goma sha ɗaya daga cikinsu masu lasisi ne. Dalilin a fili yake, su ne suka fi samun wurin zuwa, kuma su ne jerin Litinin ya fi jefawa ƙasa, domin abokan aikinsu na turo musu kira mai wuya wanda ba ya ƙarewa a minti 6. A awar cunkoso mutanen da ke kan waya suka ragu zuwa kusan 30, matsakaicin jira ya kai minti 14, masu kira 22 cikin 100 na ajiye waya kafin a ɗauka. Wanda ya jira minti 14 kuma ba ya fara magana da tambayarsa, da faɗa yake farawa.

Sashen kula da ma'aikata ya kawo nasa matakan. Aka ba kowa manhajar koyar da kwantar da hankali, aka buɗe layin ba da shawara ga masu damuwa, aka shirya zaman awa ɗaya kan juriya. Mutum 9 suka halarci zaman, don ba a cire awar daga lissafin bin jadawali ba. An rarraba takardar jin ra'ayi da aka ce ba a rubuta suna, mutum 21 cikin 54 suka cike. Takardar na tambayar rukuni da shekarun aiki da jinsi, kuma a rukunin da ya rage mutum 8 ko 9 wannan ya isa a gane kowa. Alamomin da masu kula da rukuni ke kawo rahoto a kansu sun yi daidai da ukun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2019, lokacin da ta sanya ƙonewar ƙarfin ma'aikaci a kundinta a matsayin abin da ke tasowa daga wurin aiki: gajiyar da ba ta wucewa, nisantar aikin a zuci, da raguwar iya aikin.

A ƙarshen wata na 7 aka ɗauki sababbi 20 a lokaci ɗaya, aka matse horonsu daga mako 6 zuwa 3. A takarda sashen ya koma 74. A zahiri an cire ƙwararru 4 daga kan waya don su zauna da su, sababbin kuma na ɗaukar minti 11 a kira, kuma tun makonsu na biyu aka saka su a jerin Litinin. Kafin ƙarshen wata na 10, tara daga cikinsu sun tafi, tare da tsofaffi biyar. Saura 60.

Wata na 8: ƙorafin da ya kai sashen bin ƙa'ida

Wata mai asusu ta rubuto ƙorafi cewa ana cire mata kuɗin wata ƙaramar inshora da ba ta nema ba. Da aka saurari naɗin kiran, an karanta mata tayin da sauri a ƙarshen magana, ta amsa da irin amsar da mutum ke yi don a sallame shi, aka rubuta ta amince. Sashen bin ƙa'ida, wanda ke duba ko aikin kamfanin na bin doka, ya zaɓo kiran talla 150 na wata ukun da suka wuce ya saurara. A guda 23 babu amincewa bayyananna. Kiran 23 ɗin na mutum 14 ne, a rukuni 5 cikin 6. Aka dakatar da mutum biyu da suka fi yawan laifin, aka mayar wa abokan hulɗar kuɗinsu, aka dakatar da makin talla har sai an gama bincike.

Saurin matakin na da dalili. Duk mai aikin bin ƙa'ida a wannan harka ya san abin da ya sami bankin Wells Fargo na Amurka. A watan Satumba na 2016 hukumomi sun ci shi tarar dala miliyan 185 kan asusu da katunan bashi kusan miliyan 2 da aka buɗe ba tare da izinin masu su ba, adadin da daga baya ya kai miliyan 3.5. Bankin ya riga ya kori ma'aikata kusan 5,300 cikin shekara biyar kan wannan laifin ba tare da laifin ya tsaya ba, sai a watan Oktoba na shekarar ya soke ƙa'idar yawan talla a rassansa, shugabansa John Stumpf ya sauka. A 2020 ya sake amincewa da biyan dala biliyan 3. A Birtaniya ma, inshorar kare biyan bashi da aka riƙa liƙa wa masu karɓar rance ta sa an mayar wa mutane fiye da fam biliyan 38.

Binciken ya kuma gano cewa mutum uku sun taɓa kai rahoton wannan ɗabi'a ta layin tona asiri na kamfanin a wata na 5 da na 6. Tsarin layin shi ne a tura rahoto ga shugaban sashen da abin ya shafa ya duba. Bayan rahoto na uku babu wanda ya sake kira.

Wata na 9: sauraron kira 400

Aka kafa ƙaramin kwamiti: ma'aikatan waya huɗu, biyu daga kowane tsohon layi, da mai lissafin jadawali ɗaya, ƙarƙashin wani manaja daga wajen sashen. Aikinsu na mako biyu shi ne sauraron kira 400 da aka zaɓo ba tare da duba suna ba, a amsa tambaya biyu kan kowanne: me ya sa mutumin ya kira, kuma ina lokacin ya tafi. An faɗa wa kowa tun farko cewa babu wanda za a ba maki ko a hukunta da abin da aka ji.

Guda 148, wato 37 cikin 100, kira ne da ba za a yi shi ba da an yi wani aiki daidai tun farko. Daga ciki 84 masu neman diyya ne da ke tambayar inda maganarsu ta tsaya, don babu wanda ya sanar da su komai tun da suka miƙa takardu. Guda 38 waɗanda aka tura ne ko layi ya katse musu suka sake bugowa. Sauran 26 wasiƙa ce suka samu ba su gane ta ba, ko an ce su sake aiko takardar da suka riga suka aiko.

Matsakaicin kira na sakan 390 kuma ga yadda ya rabu. Tantance mai kira sakan 70, domin banki da inshora kowanne da manhajarsa da tambayoyin tsaronsa, in magana ta tsallaka daga wannan zuwa wancan sai a sake tantancewa. Neman bayani a allo biyar daban-daban sakan 80. Tayin talla 40. Rubutun bayan kira 60. Ainihin maganar da ta kawo mutumin sakan 140 ne, ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku.

Wata na 10 zuwa na 13: gyare-gyaren

An fara da cire tsawon kira daga makin kowane mutum. Agogon allo ya tafi, jerin Litinin ya tafi. Mai lissafin jadawali ya ci gaba da amfani da tsawon kira don sanin mutum nawa ake bukata, amma a matsayin adadin sashe gaba ɗaya. A gurbinsa aka sa ma'aunin da ke duba ko mai kira ya sake bugowa kan magana ɗaya cikin kwana 7, aka kuma ƙara kiran da ake saurara daga 4 zuwa 10 a wata.

Mako uku na farko abin ya ƙara muni. Matsakaicin kira ya haura minti 8, don mutane sun koma gama magana har ƙarshe da cikakken rubutu, layi kuma ya ƙara tsawo. A mako na biyu an kusa dawo da agogon. Abin da ya riƙe tsarin shi ne an riga an rubuta wa babban ofis cewa hakan zai faru kuma za a jira mako shida kafin a yanke hukunci, an kuma tanadi madogara biyu: na'ura na ba mai jira zaɓin ya ajiye waya a kira shi idan layinsa ya zo, sannan an aro mutum 6 daga ofishin tantance takardu su ɗauki kira mai sauƙi awa biyu a rana. Daga mako na huɗu yawan kira ya fara sauka.

An sake raba layin, wannan karon gida uku. Kira mai sauƙi, irin toshe kati da sauya adireshi da neman kwafin takarda, kowa na ɗauka. Kiran banki mai sarƙaƙiya na zuwa ga ƙwararrun banki, na diyya da bayanin yarjejeniya ga ƙwararrun inshora. Wanda ke son koyon ɗaya fannin shi zai nema, a ba shi horon mako 4, a ƙara masa alawus idan ya ci gwaji. Mutum 13 suka nema a zagayen farko.

Saƙon waya ga masu neman diyya shi ya fi rage kira, shi ya kuma fi cin lokaci, mako 7, saboda ba a hannun sashen yake ba, sai da sashen diyya ya yarda ya riƙa sabunta matakin kowane fayil a ranar da ya motsa. Saƙo huɗu ne: an karɓi buƙatarka, takardunka sun cika ko ga wadda ta rage, an ba mai kimanta asara fayil ɗinka, an amince da biya. Gwajin farko bai rage komai ba, ya ma jawo kira, don saƙon na cewa ana kan aiki ba tare da faɗin rana ba. Da aka ƙara wa kowane saƙo ranar da mutum zai sake jin labari, kiran tambaya ya ragu da fiye da rabi.

Sauran sun fi sauƙi. An sa ƙa'ida a lissafin jadawali cewa kada aikin mutum ya wuce minti 51 a awa. An dawo da awa 2 na horo, an soke ƙarin lokacin dole, tashi zuwa bayan gida ya daina shiga lissafi. An ba ma'aikaci ikon yafe ƙaramin cajin banki har zuwa wata iyaka ba tare da neman izini ba. Layin tona asiri ya koma hannun masu binciken cikin gida, a wajen jerin shugabannin sashe. Makin talla ya dawo a wata na 12 da sharaɗi uku: ba a yin tayi sai an gama warware abin da ya kawo mutum, ba a yin sa a kiran rahoton asara, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne kayan da mai saye bai soke ba bayan kwana 90, ga rukuni gaba ɗaya. An ɗauki mutum 16 a kashi biyu na takwas-takwas da cikakken horon mako 6. Tantancewa sau ɗaya ga manhajojin biyu ba ta samu ba sai wata na 13, kuma ga asusun mutum ɗaya kawai, asusun haɗin gwiwa har yanzu sau biyu ake yi.

Wata na 14: inda aka tsaya

Ma'aikata 72, bayan tafiyar mutum 4 cikin wata huɗu. Kiran awar cunkoso 265, matsakaicin kira minti 7, aikin awa 31 ga mutum 37 a kan waya, bayan an ɗan matsar da lokacin fara aikin rukuni biyu. Ana ɗaukar kira 78 cikin 100 kafin sakan 20, saura kaɗan a kai burin 80. Turawa ta sauka zuwa 9 cikin 100, fashin rashin lafiya zuwa kwana 6 cikin 100. Yawan talla ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da wata na 7. Masu lasisi 19 ne, a da 26, biyu ne kawai daga waɗanda suka tafi suka dawo. Albashi bai sauya ba. Jadawalin aiki har yanzu mako ɗaya kafin lokaci yake fita, kuma shi ne ƙorafi na ɗaya a sabuwar takardar jin ra'ayi, wadda mutum 58 suka cike bayan an cire tambayoyin da ke tona mai amsa.

Hukunci

Lissafin haɗe layukan daidai ne, amma an gina shi a kan sharaɗin cewa kira zai ci gaba da zama minti 6, kuma horon kwana 5 ba zai iya cika wannan sharaɗi ba. Rarar da aka bari mutum 6 ce a kan aikin awa 30, don haka ƙarin minti ɗaya da sakan 12 a matsakaicin kira ya isa ya cinye ta gaba ɗaya. Da an gwada haɗewar a rukuni ɗaya na wata guda kafin a bar gurabe huɗu su tafi, da an ga minti 12 ɗin nan tun da wuri.

Dokar minti shida ita ce kuskuren da ya fi tsada. Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa adadin da aka mai da shi abin tilastawa yakan daina nuna abin da yake nunawa a da. A nan ma'aikaci ba shi da iko da manhajoji biyar, ko tantancewa biyu, ko rubutun talla, waɗanda su ne suka cinye rabin kiran. Abin da ke hannunsa kawai shi ne maganar mai kira da maɓallin turawa, to su ya matse. Rahoton wata ya nuna tsawon kira a shafi ɗaya, yawan kira a wani, babu wanda ya ninka su ya ga 37.4.

Ƙarin lokaci da ɗaukar sababbi 20 sun gaza don dukansu ƙara hannu ne ga aikin da kashi 37 cikin 100 nasa kamfanin ne ke haifar wa kansa, kuma dukansu daga jikin ƙwararrun da suka rage aka cire su. Manhajar kwantar da hankali ba ta da laifi a kanta, sai dai ba ta taɓa abu biyun da Robert Karasek ya nuna a 1979 cewa haɗuwarsu ce ke jigata ma'aikaci ba, wato nauyin aiki mai yawa da ƙarancin ikon yanke shawara. Dakatar da mutum biyu ya dace, don sun rubuta amincewar da ba a ba su ba, amma laifin da ya bayyana a rukuni 5 cikin 6 tsarin alawus ne ya raba shi, kuma rahotanni uku sun riga ƙorafin isowa da wata biyu.

Ba za a iya ware gudummawar kowane gyara daidai ba, tunda an yi su kusan tare. Saƙon diyya ne kaɗai ke da shaida tsayayya, domin kiran tambaya an ƙirga shi kafin da bayan. Kuma sashen bai koma inda yake ba: kira ya fi na da tsawo da minti ɗaya, mutum bakwai masu lasisi ba a maye gurbinsu ba, kuma tsarin talla na yanzu babban ofis ya amince da shi ne na wata shida, za a sake dubawa idan sun cika.